Sabuwar mota haibirid (mai aiki da fetur da batir): amsoshin da na gaji da maimaitawa

Injin yana mutuwa in na tsaya a danja. Ta lalace ne?

A'a, haka aka ƙera ta. Muddin alamar READY na kunne a gabanka, motar a tashe take, batir ne ya karɓi aiki. Kwantar da hankalinka.

Sai an lallaɓa ta tana sabuwa?

E. Littafin Toyota Prius ya ce a kilomita 300 na farko ka guji taka birki farat ɗaya. Har zuwa kilomita 1,000 kuma ban da zuba gudu, ban da fizga, ban da daɗewa a kan gudu ɗaya. Littafin nan yana cikin motarka, ko ledarsa ba ka cire ba. Don Allah ku riƙa karantawa.

Iska nawa zan sa wa taya?

Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ƙarfen. Prius ta 2010 mai taya inci 15, gaba 35 ne, baya 33, a ma'aunin iskar taya na PSI. Taka tana iya bambanta.

Amma a jikin tayar an rubuta 44?

Wannan iyakar abin da tayar za ta ɗauka ne, ba abin da motar ke buƙata ba.

To in na ƙara iska sama da na takardar, zan rage shan mai?

Nan ne maganar take da wuya. Gaskiya ne taya mai tauri ta fi saurin mirginawa, kuma masu Prius da yawa a Amurka suna kai tasu 40 ko fiye don wannan. Ba zan ce ƙarya suke ba. Sai dai ribar kaɗan ce, kuma titinsu ba naka ba ne. Taya ta cika tam, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka, ƙafafun mota su sha wahala, riƙon ƙasa yana iya raguwa, wani lokaci tsakiyar tayar ya riga gefe cinyewa. In titinka sumul ne, ƙarin 2 ko 3 ba na ganin zai cutar, muddin ba ka kusanci lambar jikin tayar ba. In ramuka ne, tsaya a kan takardar. Ni abin da ya fi damuna ma masu yawo da 26 ba su sani ba: ga shan mai, ga taya tana ɗaukar zafi har ta kai ga fashewa.

Kuma duk wannan lissafi na taya mai sanyi ne. Auna da sassafe, ko bayan motar ta huta awa 3. Kana sauka daga doguwar tafiya da rana geji zai nuna ƙarin kamar 4. Kada ka bari mai faci ya rage maka iskar. Sayi gejinka, ka ajiye a mota.

Sau nawa zan auna?

Duk wata, da kuma kafin tafiya. Har da safaya.

Ba ka tambaya ba, amma kada ka toshe ramin iskar batir da ke gefen kujerar baya da kaya ko darduma. Ƙura in ta taru a wurin, goge ta.