Sanoussi Tambari Jackou

Sanoussi Tambari Jackou (1940 zuwa 18 ga Yuli 2022) ɗan siyasar Jamhuriyar Nijar ne, masanin tattalin arziki, wanda ya wakilci jihar Maradi a majalisar dokokin ƙasa da ke Yamai. Ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban majalisa daga 1993 zuwa 1994, ya yi ƙaramin zango a gwamnati a matsayin ministan ƙasa, ya kuma shugabanci jam'iyyar PNA-Al'ouma tun kafuwarta. Daɗewarsa a majalisa ba ta shekaru a jere ba ce. Majalisar da aka zaɓe shi cikinta a 1993 da ta 2004 da ta 2009, babu wadda ta cika wa'adinta: biyu shugaban ƙasa ya rushe, ɗaya soja suka kora. Abin da ya daɗe shi ne komowar da ya riƙa yi.

Asali da zaman kaso

An haife shi a Kornaka, cikin gundumar Dakoro, arewa da birnin Maradi, yankin da gonakin hatsi da wake ke haɗuwa da burtalin makiyaya. Mahaifinsa Ba'abzine ne, mahaifiyarsa Bahaushiya. Garin nan ne kuma ya haifi Amadou Cheiffou, firaministan riƙon ƙwarya na 1991 zuwa 1993, wanda shi ma ya zauna a jam'iyyar CDS-Rahama kamar Jackou kafin ya fita ya kafa RSD-Gaskiya a 2004. Ba ƙaramin abu ba ne gari ɗaya ya ba ƙasa shugabannin jam'iyyu biyu.

Jackou yana ma'aikacin gwamnati aka yi yunƙurin kifar da shugaban mulkin soja Seyni Kountché ranar 15 ga Maris 1976. An kashe waɗanda aka ce su ne jagorori, wato Kwamanda Bayéré Moussa da Kyaftin Sidi Mohamed da shugaban ƙungiyar ƙwadago Ahmed Mouddour. Shi kuwa an kama shi kwanaki kaɗan bayan yunƙurin, bai sake shaƙar iskar ƴanci ba sai a Nuwamban 1987, bayan rasuwar Kountché da hawan Ali Saibou, wanda ya buɗe ƙofofin gidajen kaso ga fursunonin siyasa. Ya shiga yana ɗan shekara 36, ya fito yana da 47. Shekarun da tsararrakinsa suka yi suna hawa matakan aiki, shi a tsare ya yi su, kuma duk mai son gane zafin bakinsa na baya sai ya fara daga nan.

Jamhuriya ta uku

Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, mulkin jam'iyya ɗaya ya fara tangal-tangal. Jackou na cikin waɗanda suka kafa CDS-Rahama a 1991 tare da Mahamane Ousmane, shekarar da aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba. Ƙarfin jam'iyyar yana Damagaram da Maradi, shi kuma yana cikin manyan jiga-jiganta a ɓangaren Maradi.

A zaɓen Fabrairun 1993 majalisa tana da kujeru 83. MNSD-Nassara ta samu 29, CDS 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Jam'iyyun da suka haɗu a ƙawancen AFC suka tara rinjaye, suka raba muƙamai: Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa, Jackou mataimakinsa. Ƙawancen bai kai shekara biyu ba. Issoufou ya aje aiki a Satumban 1994, PNDS ta koma wajen MNSD, Ousmane ya rushe majalisa a Oktoba. Zaɓen Janairun 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, aka shiga zaman ƴan marina tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadou, kowa da inda ya sa gabansa, har taron ministoci ya riƙa gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki.

Rabuwa da CDS

Nan ne matakin da aka fi jayayya a kansa cikin rayuwarsa. Baré ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na Yulin 1996, aka ce shi ya ci, manyan jam'iyyu suka ƙi yarda. Jackou ya karɓi kujerar ministan ƙasa mai kula da ilimi mai zurfi da bincike a gwamnatin mutumin da ya tumɓuke shugaban jam'iyyarsa. CDS ta kore shi, a 1997 ya kafa PNA-Al'ouma. Ko da wace hujja aka kare wannan mataki, ya raba shi da babbar rumfar da ke tara masa ƙuri'a, kuma sabuwar jam'iyyar ba ta taɓa zama babba ba.

Illar hakan tana cikin tsarin zaɓen kansa. A Nijar ta wancan lokaci jiha ɗungurungum ita ce mazaɓa. Mai zaɓe a Tasawa ko Madarumfa ko Gidan Rumji jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, ita ce ke jera sunayen ƴan takararta, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. Jihar Maradi ta haura mutum miliyan 2 a ƙidayar 2001, ta fi kowace jiha jama'a a lokacin. Ɗan ƙaramar jam'iyya, komai farin jininsa a garinsu, sai ya nemi ƙuri'a a faɗin jihar ko ya jingina da babba. Ga kuma nauyin da talaka ke ɗora wa depite, wato ɗan majalisa, wanda ba ya cikin kundin tsarin mulki: tun da asuba ƙofar gidansa cike take, wannan da takardar magani a ninke cikin aljihu, wancan da batun rijiyar ƙauyensu da ta rufta, wani kuma suna gare shi jibi.

A shekarun da ba ya majalisa, muryarsa ta koma jaridarsa ta mako-mako, La Roue de l'Histoire, da muhawarorin gidajen rediyo masu zaman kansu. A Mayun 2002 an tsare shi na ɗan lokaci saboda sukar gwamnatin Hama Amadou.

Komawa majalisa, 2004 zuwa 2010

A zaɓen 4 ga Disamba 2004, lokacin kujeru sun kai 113, PNA ta shiga ƙawance da PNDS, Jackou ya koma majalisa daga Maradi a ɓangaren adawa. Wannan ne zangonsa mafi tsawo, kuma mafi amfani. Yana cikin ƴan majalisar da suka shigar da takardar neman tsige gwamnati a Mayun 2007 kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, wadda aka fi sani da MEBA. Adawa ba ta da rinjaye, amma ranar 31 ga Mayu ƙuri'ar yanke ƙauna ta samu goyon bayan ƴan majalisa 62, har da na ɓangaren masu mulki. Gwamnatin Hama Amadou ta faɗi bayan shekara 7 da ƴan watanni, Seyni Oumarou ya gaje shi. Abin da ya faru a ranar ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin majalisa ce ta sauke gwamnati da ƙuri'a, babu bindiga ko ɗaya a ciki.

Sai tazarce ta zo. Shugaban ƙasa Mamadou Tandja ya rushe majalisa ranar 26 ga Mayu 2009, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙara wa kansa shekara 3. Manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa na 20 ga Oktoba, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta dakatar da Nijar saboda shi. PNA ta shiga, Jackou ya sake samun kujera, ya raba hanya da abokan ƙawancensa na 2004. Majalisar ba ta yi wata huɗu cikakku tana aiki ba: ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kama Tandja, suka rushe hukumomin jamhuriya ta shida.

Rasuwa

Ya ci gaba da jagorancin PNA-Al'ouma da tofa albarkacin bakinsa kan al'amuran ƙasa a zamanin da Issoufou ke shugabancin ƙasa. Ya rasu a Yamai ranar 18 ga Yuli 2022, a shekara ta biyu ta mulkin Mohamed Bazoum.