Don Allah a daina ajiye maganin hawan jini don an ji sauƙi

Makon jiya ma sai da aka kawo mana wani dattijo a adaidaita sahu, baki ya karkace, hannun dama ya saki, yana son magana harshe ya ƙi. Na tambayi ɗansa ko Baba na shan magani. Sai ya laluba aljihun babbar rigar tsohon, ya zaro ledar ƙwayoyin da muka ba shi tun kafin azumi. Ko katin farko ba a gama ba. Wai ya sha na kwana goma, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke.

Ya warke a ina?

Jijiyoyin jini suna da tsoka a jikinsu, suna tsukewa suna saki ba da saninka ba. Lokacin hunturu su matse, ka sha rana su buɗe, ƙoda kuma tana can tana lissafin gishiri da ruwan da za ta riƙe. Mai hawan jini nasa sun saba zama a tsuke, sai zuciya ta yi ta turi da ƙarfin tsiya. Ƙwaya irin amlodipine sassauta su take yi. Ka daina sha, cikin 'yan kwanaki su koma gidan jiya. Sauƙin da kake ji, aikin ƙwayar ne.

Na gaji da jin "ai ba na jin komai, likita." To dama hawan jini ba ya sallama. Mutum na yawo da 180 bisa 110 yana cinikinsa a kasuwa lafiya lau, alhali daga 140 bisa 90 muke cewa jini ya hau. Wasu kuma su ce kar jiki ya saba da magani. Hajiya, gara ya saba da ƙwaya ɗaya a rana da ya saba da injin wankin ƙoda. Masu zoɓo da tafarnuwa, ku sha abinku, ban hana ba, amma kar a ajiye ƙwaya saboda su.

Na san da maganar kuɗi, wallahi na sani, muna ganin yadda farashi ya tashi a kemis. In abin ya gagara ku zo mu zauna, a duba mai sauƙin kuɗi. In ƙafa ce ke kumbura tun da kuka fara amlodipine, ko busasshen tari ya dame ku tun da kuka fara ƙwayar hawan jini ta lisinopril, akwai canji. Abin da ke ƙona min rai shi ne a yanke hukunci a tsakar gida, mu sai dai mu ga mutum an ɗauko shi ranga-ranga.

A taƙaice:
- Ƙwaya kullum, lokaci guda, ko ana jin lafiya.
- A sayi wata kafin ta ƙare, har in za a yi tafiya.
- Gishiri kar ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi.
- A rage shan magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen barkatai, suna ɗaga jini.
- Baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti nan take, ba a jira gari ya waye.

'Ya'ya, ku riƙa leƙa ledar maganin iyayenku. Ranar awo kuma a taho min da ita, ni da kaina zan ƙirga abin da ya rage.