Ƙaramar Hukuma da Yadda Ake Yanke Shawara a Ƙaramin Gari

Ƙaramar hukuma ita ce mataki na uku na gwamnati a Najeriya, bayan tarayya da jiha. Ita aka danƙa wa al'amuran da mutumin ƙaramin gari yake tashi da su kullum: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. Tsarin mulkin 1999 ya jera sunayen ƙananan hukumomi 774, wato 768 a jihohi 36 da kuma shida a Babban Birnin Tarayya Abuja. Jihar Kano ce ta fi kowa yawa da 44, sai Katsina mai 34. Jigawa na da 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, Zamfara kuma 14.

A takarda, zaɓaɓɓen shugaba da kansilolinsa su ne masu yanke shawara. A aikace kuwa, magana a ƙaramin gari na ƙasar Hausa takan bi ta hannu uku kafin ta tabbata: sakatariyar ƙaramar hukuma, ƙofar hakimi, da su mutanen garin. Kuɗin da za a yi aikin da shi kuma ya daɗe a hannu na huɗu, wato gidan gwamnati a babban birnin jiha.

Daga En'e zuwa gyaran 1976

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman manyan masarautu kamar Kano a cikin birni suke zaune kusa da sarki, suna aika jakadu ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu don karɓar haraji da isar da umarni. Turawan Ingila ne suka yanka ƙasa gunduma-gunduma a farkon ƙarni na 20, suka tilasta wa kowane hakimi ya tare a gundumarsa. Daga nan ne garuruwa da dama suka samu matsayin da suke tinƙaho da shi har yau, don garin da hakimi ya zauna shi ya samu kotun alƙali da makarantar elementare da ɗakin shan magani.

Hukumar da sarki ke jagoranta ita ake kira En'e, kuma gwamnati ce sosai. Tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da kotunanta. Haraji da jangali su ke riƙe da ita: mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Talaka ba shi da bakin magana a kan yadda za a kashe abin da ya biya, abin da ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman a gyara tsarin a majalisar Arewa a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU wadda ta mai da yaƙi da zaluncin En'e babban aikinta. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar shigar da zaɓaɓɓun wakilai, amma ragamar ta ci gaba da zama a fada. Sai a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun sarakuna.

Gyaran 1976, zamanin mulkin Janar Obasanjo, shi ne ya haifi ƙaramar hukuma irin wadda aka sani yanzu. An yi tsari iri ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, aka samu ƙananan hukumomi 301, aka ware musu kaso daga asusun tarayya, aka kuma mayar da sarakuna majalisar masarauta mai ba da shawara kawai. A zaɓen ƙananan hukumomi na wannan shekarar ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Adadin ya yi ta ƙaruwa a hannun sojoji, ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996 lokacin Janar Abacha, bai kuma sake motsi ba, domin ƙara ko guda ɗaya yanzu sai an taɓa tsarin mulki.

Akwai wani sauyi da ba a cika kawo shi cikin wannan tarihi ba, alhali ya taɓa zaman ƙaramin gari ƙwarai. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai tun da ƙaramar hukuma ta daina dogaro da aljihun mutanen gari, ta koma jiran kason wata-wata daga sama, sai kunnen shugabanta ya fi karkata ga mai sakin kuɗin fiye da mai jefa ƙuri'a.

Su wa ke cikin sakatariya

Shugaban ƙaramar hukuma, wanda kowa ke ce wa ciyaman, ana zaɓensa tare da mataimakinsa. Kowace mazaɓa kuma tana zaɓen kansila guda. Mazaɓu a ƙaramar hukuma ɗaya ba sa kasa goma, ba sa wuce ashirin. Jihar Kano gaba ɗayanta tana da 484. Tun zamanin Janar Babangida aka raba aikin gida biyu, kwatankwacin yadda yake a jiha. Kansiloli zaɓaɓɓu su ne majalisa, da shugabansu, su ke amincewa da kasafin kuɗi da yin ƙananan dokoki. Ciyaman kuma yana naɗa sakatare da kansiloli masu gafaka, waɗanda ke kula da sassa kamar ayyuka, lafiya, ilimi da noma. Ƙarƙashinsu akwai ma'aikata na dindindin, manyansu daraktan kula da ma'aikata da ma'aji, waɗanda hukumar jiha ce ke ɗaukarsu da yi musu canjin wurin aiki. Ciyaman na zuwa ya tafi, su suna nan, kuma ba takardar biyan kuɗi da za ta fita ba tare da sa hannunsu ba.

Wa'adin mulki ba ɗaya ba ne, dokar kowace jiha ce ke yanke shi. Wasu shekara biyu, wasu uku, wasu huɗu.

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya zayyana ayyukan dalla-dalla, har da abubuwan da kan ba mai karatu mamaki: lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke, sa wa tituna suna da gidaje lamba, kula da gidajen burodi da na wanki da guga. Manyan su ne kasuwanni da tashoshi da mahauta da bayan gidan jama'a, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma kuwa, haɗin gwiwa ake yi da jiha. Dokar filaye ta 1978 ta ƙara mata ikon ba da takardar mallakar fili a karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna.

Hanyar da magana ke bi

A ɗauki abin da ya fi yawan faruwa: unguwa na fama da rashin ruwa, ko ambaliya ta cinye kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa. Da wuya maganar ta faro daga zauren majalisa. Takan faro ne a majalisar dattawa ta ƙofar gida, ko a masallaci bayan sallar asuba, ko wurin ɗaurin aure. Daga nan a je wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. A gefe guda kuma matasa sun riga sun tare kansila, ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta takarda, an kuma buga wa wani ɗan garin da ke aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja waya ya sa baki. Idan hakimi da kansila suka zo wa ciyaman da magana ɗaya, to an yi rabin aiki. Idan suka saɓa, musamman a kan inda za a haƙa rijiyar burtsatsen, aikin na iya kwana shekaru, ko a haƙa ta inda mai ƙarfi ya nuna ba inda ake ƙishirwa ba.

Tsarin mulkin 1999 bai ba masu sarauta wani aiki ba ko ɗaya. Duk da haka mai unguwa ne shaidar cinikin gona da gida, shi ya san baƙon da ya sauka, kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma yawanci ba ta fita sai da sa hannun dagaci ko hakimi. Rigimar iyakar gona, ɓarnar da shanu suka yi, toshe burtali ko mashaya, duk a gaban dagaci ake fara zama, da sarkin noma a gefe guda da arɗo a ɗaya gefen. Sarkin kasuwa da sarkin fawa su ke san wa ke da wace rumfa, ko da yake ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ke yankar rasit ranar kasuwa. Yaƙi da cutar shan inna ya nuna nauyin wannan layi ƙarara. Bayan dakatar da rigakafin a Kano a 2003 da dawo da shi a 2004, ma'aikatan lafiya sun yi ta fama da gidajen da ke ƙin fito da yara, har sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka ɗora wa masu unguwanni alhakin bin gida-gida. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020.

Wannan tsari ba kyauta yake tafiya ba. A jihohi da yawa ana yanke kashi 5 cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi a ba majalisun masarautu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, bisa hujjar cewa albashinsu ya yi wa ƙananan hukumomi nauyi.

Hannu na uku, mutanen gari, shi ne ya fi saurin aiki. Gayya ta tsufa a ƙasar Hausa, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe kwatami kafin damina, da gyaran maƙabarta, da tara kuɗin gyaran taransifoma, da biyan 'yan sintiri. Akwai kuma kwamitocin da gwamnati ta ƙirƙiro, kamar na kula da makaranta da na raya mazaɓa mai sa ido a kan asibiti. Mata, waɗanda su ke fama da ɗiban ruwa da kai yara asibiti, ba kasafai ake ganinsu a ɗaya daga cikin waɗannan zaman ba. Ra'ayinsu kan iso ne ta bakin maigida, ko ta shugabar matan jam'iyya idan zaɓe ya ƙarato.

Kuɗi da zaɓe

Ƙananan hukumomi gaba ɗaya na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kason ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a nan gizo ke saƙa. Daga asusun ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa da jiha ta zaɓa. Abin da ke isa sakatariya sau da yawa bai wuce na albashi da ɗan abin gudanarwa ba, shi ya sa a garuruwa da dama sakatariyar ba ta cika sai ƙarshen wata. Kuɗin shiga na cikin gida, daga rumfunan kasuwa da tasha da kara, ba ya taka kara ya karya sai a garin da ke da babbar kasuwar mako.

Zaɓen ma a hannun jiha yake. Ba INEC ke shirya shi ba sai a Abuja; kowace jiha na da hukumar zaɓenta da gwamna ke naɗawa, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke lashe komai. A zaɓen Oktoban 2024 a Kano, NNPP ta ɗauki kujerun ciyaman 44 duka, kamar yadda APC ta yi a zaɓukan da suka gabata lokacin tana mulkin jihar. Kaduna ta ɗan fita daban a 2018, da ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a har 'yan adawa suka ci wasu ƙananan hukumomi. Kafin 2024 gwamnoni da yawa ma ba sa wahalar da kansu da zaɓen, sai su naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo, duk da sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma kada a saki kuɗi ga ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita. Jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Biyan kuɗin kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa, har bayan shekara guda ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana kokawa cewa ba a aiwatar da shi ba. Ko an aiwatar ma, ciyaman da gwamna ya tsayar kuma hukumar gwamna ta ayyana ba lallai ne ya iya cewa a'a ba idan aka nemi ya mayar da kuɗin ta bayan gida.

A Jamhuriyar Nijar

Garuruwan Hausa na tsallaken iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, tsarin Faransa suka gada. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasar a Yulin 2004, aka kafa majalisu 265, mafi yawansu na karkara. A can, kafin 2024, jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Wani bambancin shi ne doka ta san da zaman sarakuna: a lokacin suna da kujera a majalisar, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta rushe majalisun duka, ta maye gurbin magadan gari da kantomomi, da yawansu jami'an soja da na 'yan sanda.