Waiwaye: Yadda izinin zaman baƙo ya koma hannun ubangidansa

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ejan na tafiye-tafiye a birnin Kano ya san tambayoyin da masu neman fita aiki suke yi: nawa ne albashi, yaushe biza za ta fito, wa zai biya kuɗin jirgi. Abin da ba a cika tambaya ba, alhali shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne ko mutum zai iya barin wanda ya ɗauke shi aiki ya koma wajen wani ba tare da ya rasa izinin zamansa ba.

A da can wannan tambaya ba ta taso ba. Kakanninmu sukan tashi daga Kano a ƙafa ko a kan raƙumi, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna tsayawa noma ko ƙodago don tara guzuri, har su ƙetare Bahar Maliya bayan shekaru. Wasu suka zauna a Makka da Madina da Jidda, su ne ake kira takari. Da arzikin man fetur ya buɗe, musamman daga shekarun 1950, Saudiyya da maƙwabtanta suka buƙaci ma'aikata masu yawa, sai suka ɗora nauyin kowane baƙo a kan ɗan ƙasa ɗaya, wato kafili. Da sunansa ake fitar da igama, wato takardar izinin zama, sai da yardarsa ake canza wurin aiki, kuma shekara da shekaru ko fita daga ƙasar ba ta yiwuwa sai ya sa hannu.

Kalmar da ta fi tayar wa 'yan'uwanmu hankali a can ita ce hurub. A da kafili yana iya kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya gudu, nan take mutumin da ya shigo ta halal ya zama mai laifi, ko da kuwa abin da ya kore shi hana albashi ne. Daga nan sai ɓuya, sai kamu, sai tarhil, wato wurin tsare baƙi kafin a mayar da su gida, irin sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. Kanawa da dama sun san ƙarshen wannan hanya, domin sun sha tarbar 'yar'uwa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ta sauko da abaya da leda ɗaya a hannu, bayan shekaru tana aikatau. Gagarumin kamun da Saudiyya ta fara a watan Nuwamban 2013 ya ƙara yawan irin wannan dawowa.

An ɗan sassauta daga baya. Ƙatar ta soke sharaɗin neman yardar ubangida kafin canza aiki a 2020. Saudiyya kuma, daga 14 ga Maris 2021, ta ba ma'aikacin kamfani damar komawa wani wuri bayan ya cika shekara ɗaya, ko kafin haka idan an hana shi albashi wata uku a jere, ana kuma yin komai ta manhajojin Qiwa da Absher. Sai dai gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma a nan ne akasarin matanmu da matasanmu suke. A ganina wannan shi ne babban giɓin da ejan-ejan ba sa faɗa wa mai shirin tafiya.

Zaman dindindin kuwa wata magana ce daban. A Saudiyya tsawon shekarun aiki ba ya tara wa mutum komai ta wannan fuska, domin wanda ya yi shekara 30 da igama yana nan a matsayin wanda ya zo jiya. Izinin zama na musamman da aka ɓullo da shi a 2019 riyal 800,000 ne na dindindin, ko riyal 100,000 a kowace shekara, kuɗin da mai aikatau ba ya ko mafarkinsa.

Wannan na cikin abin da ya sa wasu likitoci da ma'aikatan jinya daga asibitocin Kano suke karkata ga Birtaniya, inda shekara biyar a kan bizar aiki ke ba mutum damar neman zaman dindindin, kuma canza wurin aiki ba ya goge shekarun da aka riga aka tara. Amma can ma akwai igiya. Sabon wurin aikin dole ya kasance yana da lasisin ɗaukar baƙi, dole a sake neman biza, idan kuma aiki ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara. Tun da aka buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022, mutane suka sayar da filaye suka biya dillalai, wasu suka isa suka tarar babu aikin. An hana su zuwa da iyali a Maris 2024, aka rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025. A watan Mayun shekarar ce kuma gwamnatin ƙasar ta gabatar da shirin mayar da shekaru biyar ɗin zuwa goma, wanda ke nufin ma'aikaciyar da ta ƙudurta haƙuri da ubangida ɗaya na ɗan lokaci tana iya ninka haƙurin nata.