Hadarin bazara: mene ne shi, kuma me ya sa yake yaye kwano?

Da zarar hazo ya janye, zafi ya kankama a Bauchi, za ka fara jin sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, cewa ana sa ran tsawa da iska mai ƙarfi a wasu sassa. Abin da ake nufi shi ne hadarin bazara, wanda ke haɗuwa bayan hunturu ya wuce amma damina ba ta zauna ba, wato daga Afrilu zuwa Yuni a wajenmu. Alamarsa ita ce ƙura da iska da tsawa sun fi ruwan yawa. Wani lokacin ma yayyafi kawai za a yi, amma a wayi gari rufin makaranta yana cikin gonar wani.

Tushen abin iskoki biyu ne. Ta farko busasshiya ce, tana tasowa daga arewa maso gabas ta hamadar Sahara, ita ce iskar hunturu mai kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ta biyu mai damshi ce, daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Akwai layin da suke karo, kuma ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku, sai ya riƙa hawowa arewa har ya kai cikin hamada a watan Agusta. Bazara ita ce lokacin da layin yake ƙetare mu. Shi ya sa mutanen Toro da Dass da Tafawa Ɓalewa suke riga na Azare da Gamawa ganin hadari da makonni.

A wannan tsakanin, damshin da ya iso siriri ne, yana kwance a ƙasa, busasshiyar iska kuma tana bisansa. Rana ta dafa ƙasa, zafi ya haura digiri 40, sai iskar ƙasa mai ɗumi ta yunƙura sama da ƙarfi, ta gina girgije mai tsayin da kan wuce kilomita 12. Can ƙololuwa sanyi ne mai daskarar da ruwa, daga nan ƙanƙara take faɗowa.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a fahimta. Idan ruwa ya fara zubowa daga girgijen, sai ya ratsa busasshiyar iskar nan, mafi yawansa ya koma tururi tun bai taɓa ƙasa ba. Komawa tururin yana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa ta fi nauyi, don haka sai ta rufto ƙasa gaba ɗaya, ta bazu ta kowane gefe kamar an kifar da bokitin ruwa a daɓe. Ita ce sanyayyar iskar da ke riga ruwa isowa, tana tura jar ƙura a gabanta. Gwargwadon bushewar sararin sama, gwargwadon ƙarfinta. Wannan ne dalilin da hadarin Mayu ya fi na Agusta ɓarna, duk da na Agusta ya fi shi ruwa nesa ba kusa ba.

Su kuma tsofaffin da ke cewa a duba gabas, gaskiyarsu. Akwai wata iska mai gudu a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, da ke kora hadari daga gabas zuwa yamma, sau da yawa a jere cikin dogon layi.

Mutanen garin Bauchi ba sa buƙatar dogon bayani kan ƙarfinsa. A watan Yunin 2018, ana cikin shagalin ƙaramar sallah, iska ta rushe gidaje, ta karya turakun wuta, aka yi asarar rayuka, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje.

Sai dai a daina haɗa shi da guguwar da ake gani a bidiyon Amurka tsakanin Maris da Mayu. Waccan juyawa take yi, tana samuwa ne inda sanyin da ya gangaro daga Kanada ya haɗu da ɗumin tekun Meziko. Tamu yawanci miƙe take bugowa, ta gefe guda.

A ganina rabin ɓarnar daga hannunmu take. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman in ta samu kafa ta baki. Kafintan da ya kafe katako da ƙusa kawai, bai ɗaure shi da langa-langa ko rodi a jikin gini ba, ya bar wa mai gida aiki. Mun kuma sare itatuwan da ke tare iska a bayan gari mun yanka filaye. Darbejiyar da ta rage a ƙofar gida ma tana son a rage mata rassa tun Maris, kuma ba wurin fakewa ba ce in ana walƙiya. In tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai wuce daƙiƙa 3 ba, abin bai fi nisan kilomita ɗaya da kai ba.

Ga manomi kuma, ruwan hadarin bazara ba ruwan shuka ba ne. Yakan jiƙa saman ƙasa, iri ya tsiro, sai a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, tsiron ya ƙone, ga iri da tsada. Shi ya sa a hasashen da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara take ba kowace ƙaramar hukuma ranar da ake sa ran damina za ta zauna, kuma ranar Katagum daban take da ta Bogoro.