Waiwaye: Yadda Majalisa Ke Yanke Shawarar Tsige Shugaban Ƙasa

Maganar tsige shugaban ƙasa ba ta da wuyar tasowa. Kusan duk shugaban da ya daɗe a kan mulki sai an yi masa barazana da ita. Kaiwa ga kaɗa ƙuri'a shi ne jan aiki, kuma akasari tun kafin a shiga zauren majalisa an riga an gama lissafi a bayan fage.

Asalin abin daga Ingila ne. A shekarar 1376 majalisar ƙasar ta tuhumi Lord Latimer, wani na hannun daman Sarki Edward na Uku, da almundahana. Sarki ya fi ƙarfin tuhuma, don haka sai a kama fadawansa. Turawan Ingila sun yi amfani da wannan makami na ƙarshe a 1806, daga nan suka jingine shi, tunda ƙuri'ar rashin amincewa ta isa ta kawar da firaminista cikin yini guda.

Amurkawa ne suka ɗauke shi suka ɗora a kan shugaban ƙasa lokacin da suke rubuta kundin tsarin mulkinsu a 1787. Sun yi gardama sosai a kan irin laifin da ya kai a tsige mutum. Cikin masu rubuta kundin, George Mason ya so a sa rashin iya mulki a ciki, James Madison ya ƙi, yana ganin hakan zai mai da shugaba ɗan amshin shatan majalisar dattawa. Aka tsaya a kan cin amanar ƙasa, cin hanci, da sauran manyan laifuffuka, ba tare da an fayyace su ba. Aka kuma raba aikin: majalisar wakilai ta tuhuma da rinjaye kawai, dattawa su yi shari'a, kuma sai da kashi biyu cikin uku za a cire shi. Gerald Ford, yana ɗan majalisa a 1970, ya fito fili ya ce laifin tsigewa shi ne duk abin da masu rinjaye a majalisar wakilai suka ɗauka laifi ne a wannan lokacin. Maganar ba ta da daɗin ji, amma tarihi bai ƙaryata shi ba.

Shugaba Andrew Johnson ya tsallake rijiya da baya a 1868: sanatoci 35 suka same shi da laifi, 19 suka wanke shi, saura ƙuri'a ɗaya tal a cika kashi biyu cikin uku. Bill Clinton ya tsira a 1999, Donald Trump ya tsira sau biyu, a 2020 da 2021, na biyun ma sanatoci 57 suka same shi da laifi, amma 67 ake bukata. Wanda abin ya ci shi ne wanda ba a kai ga kaɗa masa ƙuri'a a zaure ba. A Yulin 1974 kwamitin shari'a na majalisar wakilai ya amince da tuhume-tuhume uku a kan Richard Nixon game da badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi wa ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe shi, kotun ƙoli kuma ta tilasta masa miƙa faifan maganganunsa. Ranar 7 ga Agusta manyan jam'iyyarsa, ciki har da Sanata Barry Goldwater, suka je suka gaya masa cewa magoya bayansa a majalisar dattawa sun ragu har ba za su iya cetonsa ba. Ranar 9 ya sauka.

A ganina nan ne zancen yake. 'Yan adawa su ne ke kawo ƙara, amma 'yan jam'iyyar shugaba ne ke yanke hukunci. Koriya ta Kudu ta nuna haka ƙarara. Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja ranar 3 ga Disamban 2024. Ranar 7 aka kawo ƙudurin tsige shi, 'yan jam'iyyarsa suka fice daga zauren, ƙudurin ya mutu don ba a cika adadi ba. Mako guda bayan nan, jama'a sun cika tituna, wasu daga cikin 'yan jam'iyyar tasa suka juya, aka samu ƙuri'a 204 cikin 300. Laifin bai ƙaru ba cikin kwana bakwai; tsoron masu zaɓe ne ya ƙaru. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da cire shi a Afrilun 2025, kamar yadda ta yi wa Park Geun-hye a 2017. Ita dai kotun ce ta mayar da Shugaba Roh Moo-hyun kujerarsa a 2004 bayan majalisa ta tsige shi.

Sai kuma batun mai riƙe da mabuɗin ƙofa. A Brazil kowane ɗan ƙasa na iya rubuta takardar neman tsige shugaba, amma kakakin majalisar wakilai ne kaɗai ke da ikon buɗe ta. Kakakin lokacin, Eduardo Cunha, ya karɓi ta Shugaba Dilma Rousseff a Disamban 2015, daidai lokacin da jam'iyyarta ta ƙi kare shi daga binciken da ake masa. Zargin na murɗa alƙaluman kasafin kuɗi ne, dattawa kuma suka cire ta da ƙuri'a 61 da 20 a Agustan 2016. Jair Bolsonaro kuwa takardu sama da 100 aka shigar a kansa, ko ɗaya ba a buɗe ba. A Afirka ta Kudu kwamitin masana shari'a ya ce Cyril Ramaphosa na da tambayar amsawa kan kuɗin da aka sace a gonarsa ta Phala Phala, sai majalisa ta yi watsi da rahoton a Disamban 2022, ƙuri'a 214 da 148, saboda jam'iyyarsa ta ANC ta tsaya masa.

Gaggawa ma tana da nata aibin. A 2012 majalisar Paraguay ta gama da Fernando Lugo cikin ƙasa da kwana biyu, an ba lauyoyinsa sa'o'i biyu kacal su kare shi, har ƙasashe maƙwabta suka dakatar da Paraguay daga ƙungiyarsu ta cinikayya, Mercosur.

Najeriya ta zaɓi doguwar hanya. Sashe na 143 na kundin 1999 ya ce sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun sa hannu a takardar zargi, a miƙa wa shugaban majalisar dattawa. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta yanke, da kashi biyu cikin uku, ko a yi bincike. Daga nan alƙalin alƙalai ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku. In sun wanke shi, magana ta ƙare. In sun same shi da laifi, sai a sake neman kashi biyu cikin uku a majalisun biyu. Shi ya sa wa'adin mako biyu da majalisar Ghali Umar Na'Abba ta ba Olusegun Obasanjo a 2002, da na mako shida da sanatocin adawa suka ba Muhammadu Buhari a 2022, duk suka bi ruwa.

Gwamnoni ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Balarabe Musa na PRP ya faɗi a Yunin 1981 a hannun majalisar Kaduna da NPN ta mamaye, wadda tun farko ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa. A 2006 aka tsige Rashidi Ladoja na Oyo bayan 'yan majalisa 18 cikin 32 sun yi zama a wani otal a Ibadan. Kundin ya hana kotu tsoma baki cikin lamarin tsigewa, amma kotun ƙoli ta ce wannan kariyar ba ta aiki sai an bi ƙa'idojin da kundin ya shimfiɗa, ta mayar da shi kujerarsa a Disamban wannan shekarar.