Waiwaye: Yadda mutanen Aguilar suka raya kangon gidan zuhudun garinsu

Lardin Palencia da ke arewacin Sifaniya cike yake da majami'un ƙarni na 11 da na 12 masu salon Romanesk: bango mai kauri, ƙananan tagogi, rufin dutse a kan baka mai rabin da'ira. Cikin manyansu akwai gidan zuhudu na Santa María la Real a garin Aguilar de Campoo.

A 1835 gwamnati ta kori masu zuhudun, ta ƙwace dukiyarsu. An ayyana ginin a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1866, amma takarda ba ta tare ruwan sama. Bayan shekara biyar ma aka ɓamɓare sassaƙaƙƙun kawunan ginshiƙansa aka kai gidan tarihi na Madrid. Rufi ya rubza, ciyawa ta cinye tsakar gida.

Sai a 1977 wani mai zanen gine-gine da ya tashi a garin, José María Pérez, wanda aka fi sani da Peridis, ya tara jama'a suka kafa ƙungiyar abokan ginin. Da kwashe ɓaraguzai suka fara.

Irin wannan aiki yana da tsari, kuma wanda ya tsallake shi zai sake. Ruwa ake fara tarewa: rufi, indararo, magudana a gindin bango. Idan ruwa ya jiƙa bakar, nauyinta yakan tura bango waje har ya tsage. Duk dutsen da za a sauke sai an auna shi an sa masa lamba. Kwaɓin cike tsakanin duwatsu kuwa farar ƙasa ce kashi 1, yashi kamar kashi 3. Siminti ɓarna yake yi, domin ya fi dutsen tauri, yana riƙe danshi, gishiri ya taru a ciki har fuskar dutsen ta rududduge. Tsofaffin ƙarafan ɗauri su ma in sun yi tsatsa sukan kumbura su fasa dutse.

Abin da ya fi ceton ginin shi ne an ba shi aiki. Aka buɗe makarantar sakandare a ciki, sannan a 1985 aka soma koya wa matasa marasa aikin yi gini, sassaƙar dutse, kafinta da ƙira a jikin ginin kansa. Gwamnati ta yaɗa tsarin a faɗin ƙasar.

A 1994 ƙungiyar ta zama gidauniya. Ta wallafa babban kundin gine-ginen Romanesk lardi-lardi, ta kuma gudanar da shirin gyaran majami'u 54 a lardunan Palencia da Burgos. A wasunsu an kafa na'urori masu auna danshi da zafi, don a gane yoyo tun bai kai ga bango ba.